Ranar da Na Riƙe Wayar Sikana

Ranar wata Laraba ce cikin watan Afrilu na shekarar 2010, wata biyu bayan sojoji sun karɓi mulki. Na dawo daga lakwal, wato makarantarmu ta firamare, da tsakar rana, takalmin roba yana ƙona mini tafin ƙafa, na tarar da Baba ya sauko da takardar Mama daga bango ya kwantar da ita rub da ciki a kan tabarma. Ita ce shaidar da Mama ta samu da ta gama makarantar koyon jinya, wadda kowa a gidanmu yake kira dipilom. Tun kafin a haife ni take rataye a falo cikin katako da gilashi, Baba ne ya sa aka yi mata wannan gata a shekarar da suka yi aure. Ya riga ya zare ƙananan ƙusoshin baya da bakin wuƙa, ya cire kwalin, ya sa farce a kusurwar takardar zai ɗaga ta. Ba ta ɗagu ba. Ya ƙara ja kaɗan, sai kusurwar ta rabu biyu, bayan takardar ya biyo hannunsa, fuskarta mai rubutu ta tsaya manne da gilashin. Zafin shekara da shekaru da laimar damina sun haɗe su sun zama abu guda. Mama tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta ce, "Iliya, bar ta." Ban taɓa jin ta ambaci sunansa a gabanmu ba sai ranar, kuma daga nan na gane abin da ke kan tabarmar nan ba ƙarami ba ne.

Wata ƙungiyar agaji ce take neman ma'aikatan jinya da za su kula da yaran da yunwa ta kayar. Labarin ya zo wa Mama a makare, daga bakin wata tsohuwar abokiyar karatunta. Sharaɗin ɗaya ne, amma ba ya lanƙwasuwa: a aika hoton dipilom ta intanet, tambari da sa hannu suna fitowa sarai, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a. Ba a karɓar takarda hannu da hannu. Mama kuwa shekara biyu ke nan tana zaune, tun da aka rufe ɗan asibitin unguwa inda take aiki. A da hakan bai tsananta mana ba, domin aikin Baba na malamin firamare yana riƙe da mu huɗu, shi da Mama da ni da ƙanena Dauda. Amma a wannan shekara mu tara ne muke sa hannu a tukunya ɗaya.

Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri, gero ya fitar da kai bai yi ido ba. A watan Fabrairu Gwaggo Hannatu, yayar Baba, ta iso Yamai daga ƙauyenmu na wajen Dogon Dutsi da 'ya'yanta huɗu da ƙullin kaya ɗaya, mijinta ya tafi ci-rani. Da aka tambaye ta labarin gida, cewa ta yi, "Rumbu ya zama ɗakin ɓeraye, su ma sun gaji sun tashi." Gidanmu a Bukoki na haya ne, ɗaki biyu da falo, muna raba tsakar gida da famfo ɗaya da wasu iyalai uku. Famfon ba ya kawo ruwa sai da sassafe, don haka aikina na farko kowace rana shi ne jera bokitai a layi kafin na maƙwabta su riga namu, sannan shara, sannan wanke-wanke, sannan in yi wa Dauda wanka yana ihu kamar ana yanka shi. Mama ta daina aikena sayen burodi, aka koma kunu da safe, kunun ma yana ƙara tsinkewa daga mako zuwa mako. Da yamma nakan yi carafke da Saratu, 'yar Gwaggo sa'ata, a gindin bishiyar dogonyaro, kullum ita ke cinye ni, domin yatsunta sun saba da duwatsu. Ita ce ta ba ni labarin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da suke jiƙawa kwana da kwanaki suna sauya ruwa kafin su ciwu. Ɗan autan Gwaggo kuwa, Yakubu, mai shekara biyu, ba ya shiga wasan kowa. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, yana zaune inda aka ajiye shi. Kowace Asabar Mama takan ɗauko wani siririn ma'auni ta zagaya shi a damtsensa, ta duba, ta mayar da shi jaka.

A yammacin Larabar nan Baba ya cire katakon gaba ɗaya, ya naɗe gilashin da takardar cikin tawul, muka nufi shagon intanet na bakin titi, wanda muke kira sibar. Suna da sikana sabuwa, na'urar da ke kwafe hoton takarda ta sa a kwamfuta, siririya kamar faranti. Yaron shagon ya kifa gilashin a kanta har sau uku, sau ukun abin da ya fito a allo hazo ne kawai, sunan Mama kamar an rubuta shi da gawayi an shafe da hannu. Muka wuce wurin mai hoto. Da ya kunna fitilar kyamara, hasken ya faɗo daidai kan tambarin ya cinye shi. Da ya kashe ta, sai ga inuwar kansa da hularsa a tsakiyar takardar. Baba ya yi godiya, ya naɗe kayansa, muka fito. A hanya ya tsaya shagon Hamani, ba don yana sa ran komai ba, sai don ya saba tsayawa.

Hamani Bazabarme ne haifaffen Yamai, yana gyaran rediyo da talabijin da kwamfuta a wata rumfar kwano kusa da gidanmu. Hausarsa ta kasuwa ce, mai sauri, kuma shi kaɗai ne a unguwar yake iya tsokanar Baba. Ya buɗe tawul ɗin ya duba, ya girgiza kai, ya kira Baba da Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal. "Mushe, kai da kake koya wa 'ya'yan mutane hankali, ka liƙa wa Madam dipilom a gilashi kamar hoton biki?" Baba ya ce da ya san za a zo zamanin da takarda ba ta da daraja sai ta bi ta cikin waya, da ya bar ta a ƙasan akwati. Hamani ya yi dariya, sannan ya yi mana bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce sababbin sikanan nan sirara gajeren ido gare su, ba sa ganin komai sai abin da ya taɓa fuskarsu, kaurin gilashin nan kaɗai ya isa ya makantar da su. Tsofaffin kuwa, masu ƙaton ciki, akwai madubai a cikinsu, suna hango abin da ya ɗan ɗaga sama. "Ka samo mini tsohuwa," in ji shi, "irin wadda kowa ya jefar."

Mama ce ta tuna akwai irinta a gidan Fasto a Gudel. Wata Baturiya da ta yi aikin fassara a majami'armu ta bar ta da za ta koma ƙasarsu, tun daga nan ba wanda ya taɓa ta. Ranar Alhamis bayan an tashi lakwal ni da Baba muka shiga taksi. Direban ya yi zagaye mai nisa don kauce wa titunan da sojoji suka fi tsayawa. Da muka kusa Gudel na hango kogin ya janye ya bar yashi fari a tsakiyarsa, masu lambu suna sauka can ƙasa da gwangwanaye biyu-biyu suna hawowa da ruwa, salad da kabeji sun yi laushi a rana. Matar Fasto ta jawo kwalin da take ciki daga ƙarƙashin gado, zanzaro ya yi gini a kusurwoyinsa. Sikanar launin madarar da ta kwana gare ta, nauyinta ya fi na Yakubu. Tare da ita akwai wayar wuta, da faifai ɗaya cikin ambulan, da wata waya mai kauri kamar igiyar guga, kowane bakinta faffaɗa, ɗaya da ƙananan haƙoran ƙarfe a jere sahu biyu. A hanyar dawowa wani soja ya tsayar da mu a mahaɗar titi, ya leƙo ya ce a buɗe kwalin. Baba ya buɗe, hannunsa a natse, amma na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Sojan ya ɗaga murfin ya kalli gilashin ciki, ya tambaya ko murhu ne irin na Turawa. Baba ya ce na'urar ɗaukar hoton takarda ce. Sojan ya dube ni, ya dubi Baba, ya buga rufin motar da tafin hannu muka wuce.

Hamani ya juya bakin wayar a hannunsa ya ce an gama ɗaya, saura ɗaya. Babu kwamfutar da ke da ramin da wannan baki zai shiga, ba a shagonsa ba, ba a sibar ba. An daina yin su da irin wannan rami, sai dai tsohuwa sa'ar sikanar. Baba ya ce akwai wata a ofishin daraktan lakwal ɗinmu, wadda ake lulluɓewa da zane, ba a kunna ta sai za a buga sunayen 'yan jarrabawa. Ya tafi gidan darakta a ƙafa, ya dawo da alkawarin za a buɗe mana ofishin da safe.

Kafin magariba a ranar, ina zaune a bayan ɗakin girki ina tsinke ganyen zogale a tire, na ji Mama da Gwaggo suna magana a ciki. Katangar ba ta kai rufi ba, kuma ba su san ina wurin ba. Mama ta ce idan aka ɗauke ta, ba a Yamai aikin yake ba, a ƙauyukan jihar Maraɗi ne, kuma ba dawowa sai bayan kaka, in ma an dawo da wuri ke nan. "Ke za ki kula mini da su, Yaya." Gwaggo ta tambaya ko Lidiya ta sani, wato ni. Mama ta ce, "Bari takardar ta tafi tukuna." Na ci gaba da tsinke zogalen, domin idan na tsaya za su ji shirun. Shekarata goma sha ɗaya, ina aji shida, jarrabawar fita firamare tana jirana a watan Yuni. Ban taɓa kwana ɗaya a gidan da Mama ba ta ciki ba. Kwana biyu ina ɗaukar tawul da waya ina bin Baba da murna, ashe kayan tafiyarta nake ɗauka. Da aka zuba tuwo na ci loma biyu na ce cikina yana ciwo, Saratu ta cinye sauran ba ta tambayi dalili ba.

Ranar Juma'a muka tashi babu wuta. A bazarar Yamai wannan ba labari ba ne, sai dai ba wanda ya san ko awa ɗaya za ta yi ko yini. Aka ɗaga tuta a filin lakwal, muka yi taken ƙasa a layi, muka shiga aji. Ta taga ina hango ƙofar ofishin darakta a buɗe, babur ɗin Hamani a jingine a gindin bishiya, Mama a zaune kan benci da tawul a cinyarta. Malaminmu yana bita kan lissafin kashi, ni kuwa idona yana kan fankar rufi da ta tsaya cak. Ban san abin da nake roƙo ba. Aka fita shan iska, 'yan mata suka ja layin gala-gala a ƙasa, masu sayar da ƙanƙara da fankasau suka taru a bakin ƙofa, ban je ko'ina ba. Muna komawa aji, wajen ƙarfe goma da rabi, fankar ta motsa ta fara juyawa. Ba a jima ba Baba ya tsaya a ƙofar ajinmu ya nemi izini a ba shi ni.

Ofishin ƙarami ne, yana warin alli da tsohuwar takarda. Hamani ya riga ya sa faifan, kwamfutar ta karɓi abin da ke cikinsa bayan dogon nishi. Haƙori ɗaya na bakin wayar ya lanƙwashe, ya miƙe shi da ɗan hantsakin da Mama take cire ƙaya da shi. Ina shiga ya jona wa sikanar wuta, sai ta ɗauki wata ƙara mai tsanani, kamar injin markaɗe da dutse ya faɗa masa. Darakta ya ja da baya. Hamani ya fizge wayar wutar, ya tsaya yana kallonta, sannan ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashinta. Akwai wani ɗan makulli a wurin, wanda ake turawa don kada kayan ciki su yi yawo a lokacin tafiya. Baturiyar ta kulle shi shekarun baya, ta tafi da saninsa. Ya tura shi da babban yatsa, ya sake jona wuta, wani dogon haske ya taso a ƙarƙashin gilashin ya ɗan yi gaba ya dawo ya tsaya. "Tsohuwa ta farka," in ji shi. Ba wanda ya yi dariya.

Sannan aka gaya mini dalilin kirana. Saboda ɓarayi, an sa kwamfutar cikin keji na ƙarfe da aka kafe a bango, ba ta juyuwa, ba ta matsawa. Ramin da wayar za ta shiga yana bayanta, kuma ya yi sako-sako, ƙusoshin da ke ɗaure bakin wayar sun ɓace. In aka tura aka saki, nauyin wayar sai ya ja ta ƙasa, kwamfutar ta ce ba ta ga sikana ba. Hamani ya gwada salatif, zafi ya sa ya saki. Ya tokare da kwalin alli, ya zame. Dole sai mutum ya riƙe, ya tura ciki ya ɗan ɗaga sama, ya tsaya haka har a gama. Tsakanin kejin da kabad ɗin darakta kuwa akwai ɗan lungu da ba babban da zai shiga. "Hajiya ƙarama, yau ke ce injiniya," in ji Hamani. "Ko sauro ya cije ki, ki bar shi ya ƙoshi."

Na shiga a gicciye na durƙusa, kafaɗata ɗaya a bango, kumatuna kusa da ƙarfen kejin mai zafi. Iskar da kwamfutar take fitarwa tana bugun fuskata. Na lalubi ramin na tura bakin wayar, na ɗaga, Hamani ya ce haka, kada ki motsa. Daga inda nake ba na ganin fuskar kowa, sai ƙafafu: takalmin Baba da ya sha gogewa, silifas ɗin Hamani, da ƙafafun Mama cikin takalminta na zuwa majami'a. Na ji an kwantar da gilashi a kan gilashi a hankali, na ji Mama ta ce a rufa tawul a sama tunda murfin ba zai kwanta ba. Sikanar ta fara tafiya, a hankali ƙwarai, tana ɗan tsayawa tana ci gaba, wani siririn haske yana tsiyayowa ta gefen tawul yana rarrafe a bango. Na kalli hasken ya kai kamar rabin hanya. Hannuna bai gaji ba, wannan na sani sarai, kuma ban taɓa yaudarar kaina a kai ba. Sassautawa na yi. Ban saki ba, ban ja ba, na dai bar nauyin wayar ya yi abin da yake so. Hasken ya tsaya. Kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara sau ɗaya.

Hamani ya yi tsaki ya ce ta daskare, sai an kashe an kunna. Baba ya tambayi ƙarfe nawa, darakta ya ce sha ɗaya da minti goma. Tsohuwar kwamfutar nan kafin ta gama farkawa sai a dafa shayi, kuma daga lakwal zuwa sibar akwai tafiya. Baba ya fara cewa, "Lidiya, ba an ce miki," sai Mama ta ce ya bar ta, hannun yaro ne. Na ga ƙafafunta sun matso. Ta tattara zanenta ta durƙusa a bakin lungun, kamar mai gyara mini zama, ta toshe hasken ɗakin da jikinta har ba mai ganina sai ita. Ta kamo hannuna ta goge gumin tafin da bakin kallabinta, yatsa bayan yatsa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ƙarar fanka za ta rufe.

"Kin ji mu jiya."

Na kawar da kai na dubi bango.

"Ni ma ba son tafiyar nake yi ba." Ta mayar da hannuna kan wayar ta ɗora nata a kai na ɗan lokaci. "Riƙe mini."

Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ambaci Yakubu ko kunun safe ba, ba ta kuma yi alkawarin komai ba. Ta miƙe ta koma inda take. Da kwamfutar ta dawo hayyacinta Hamani ya ce bismilla, hasken ya sake tasowa daga farko. Wannan karon na tura wayar har ƙarfen ya shiga naman yatsuna. A ajin da ke kusa 'yan aji uku suna rera jadawalin ninkawa da Faransanci, na bi su a zuci don kada in ji hannuna. Gumi ya gangaro ya shiga idona, na rufe idon na bar shi. Wani cinnaka ya hau ƙafata ya yi abin da ya kawo shi. Ana cikin haka fankar rufi ta rage gudu, kowa a ɗakin ya ɗauke numfashi, na ji Baba ya ce "Ya Ubangiji" a hankali, sai ta sake ɗaukar gudunta. Damtsena ya fara rawa, na tokare gwiwar hannun da gwiwar ƙafata. Hasken ya wuce inda ya tsaya ɗazu, ya ci gaba, ya kai ƙarshen bango, ya tsaya, sannan na ji shi yana komawa da sauri. Ban saki ba sai da Hamani ya ce in fito, ya maimaita.

Da na fito yatsuna sun ƙage, sun ƙi miƙewa. A allon kwamfutar ga takardar Mama, ta ɗan yi duhu, amma kowane harafi a tsaye, tambarin da zagayensa, sa hannun da jelarsa, har da kusurwar da ta yage. "Madam, ga ki nan," in ji Hamani. Ya juye hoton a ɗan makullin ajiya da muke kira kile, ya rataya shi a wuya, ya fita da gudu ya tayar da babur. Muka zauna a benci muna jira, ni da Mama da Baba. Ya dawo ana shirin tashi, ya tsaya bai kashe babur ba, ya ce saƙo ya tafi saura minti goma kafin ƙarfe goma sha biyu, ya ga alamar isarsa da idonsa, shi zai wuce ya yi wanka kada Juma'a ta kuɓuce masa. Baba ya kama hannunsa da hannu biyu. Ni aka ce in koma aji in ɗauko jakata.

Bayan mako biyu aka kira Mama. Kafin ta tafi ta kai Yakubu inda aka sa shi a kan abincin jinya, ta nuna wa Gwaggo yadda za ta riƙa ba shi. Ta tafi a farkon watan Mayu da safe, muka raka ta tasha, ta zauna a gefen taga ba ta daina ba Gwaggo umarni ba har motar ta tashi. Na rubuta jarrabawata da kitson Gwaggo, wanda ya ɗaure mini kai har ina jin bugun jini a goshi. Kunun safe ya yi kauri, burodi ya dawo ranar Lahadi. Damina ta zo da ƙarfi a shekarar, kogin da na gani da yashi a tsakiya ya cika ya shiga lambuna da gidajen bakinsa, Mama ta ji a rediyo ta kira wayar Baba tana tambayar ko ruwa ya kai Bukoki. Na yi zazzaɓi a watan Satumba, Saratu ce ta zauna a kaina tana jiƙa tsumma. Na shiga kwaleji ba Mama ce ta raka ni ba. Ta dawo a watan Nuwamba ta rame ta yi baƙi, kuma ta daɗe ba ta iya ganin an zubar da sauran abinci ba tare da ta tashi daga wurin ba. Gwaggo ta koma ƙauye da 'ya'yanta huɗu cif, Yakubu yana tafiya da ƙafarsa. Maganar abin da ya faru a lungun nan kuwa, ni da Mama ba mu taɓa tayar da ita ba, kuma Baba har ya rasu yana ba da labarin a matsayin ranar da hannun Lidiya ya gaji sau ɗaya.

Yanzu takarda ko wace iri ce, sai in ɗora ta a tebur in ɗaga wayar hannu, kafin in sauke ta isa inda za ta. Babu faifai, babu rami, babu wanda zai durƙusa a bayan keji. 'Yata takan aika aikin makarantarta haka tana cin gyaɗa da ɗaya hannun, kuma ba na yi mata fatan wahalar da muka sha. Sai dai wani lokaci, idan na ga yadda abubuwa suke tafiya ba tare da sun nemi hannun kowa ba, nakan tuna cewa tafiyar Mama ba ta yiwu ba sai da ta bi ta tafin hannuna, kuma ta san haka, ta durƙusa ta roƙe ni a maimakon ta umarce ni. Mama tana Dogon Dutsi yanzu, ta tsufa, takan kira ni kowace Lahadi bayan sujada ta tambayi abin da muka ci. Sau da yawa nakan yi niyyar in ce mata da gangan na sassauta, sai in fasa. Ba a ba mutum labarin abin da ya riga ya yafe.